Zumunci Tsakanin Tawa da Yamai

Aiki ne ya ɗauko ni daga Tawa ya kawo ni Yamai, a lokacin da abokan da muka yi makaranta tare suka riga suka watse kamar yadda 'yan Adar suka saba: wasu suna Abijan, wasu Legas, wasu sun bi ta Agadas zuwa Libiya ko Aljeriya ci-rani, kaɗan ne suka rage a gida.

Mun buɗe zaure a WhatsApp, kuma yawancin hirar da saƙon murya ake yin ta, domin ba kowa ne rubutu ya zauna wa a hannu ba. Zauren yana da amfani wajen sanar da haihuwa ko ɗaurin aure ko rasuwa, amma na lura cewa babu wanda ke tsayawa gaban jama'a ya ce jarinsa ya karye ko gidansa babu lafiya. Don haka na ɗaura wa kaina kiran mutum guda kowace Juma'a, shi kaɗai, ina la'akari da cewa agogon Abijan yana bayan namu da awa guda. A irin wannan kira ne wani aboki da ke tura mana hotunan barkwanci kullum ya gaya mini ya jima kwance, har mai gidan haya ya fara yi masa magana.

Duk da haka waya ba ta ɗauke wa ƙafa nauyinta ba, shi ya sa magabata suka ce zumunta a ƙafa take. Tsakanin Yamai da Tawa akwai kimanin kilomita 550, ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, tafiyar da ke cinye wuni. Ba kowane biki nake zuwa ba, amma ta'aziyyar iyayen aboki ba na yin ta a waya muddin ina da halin tafiya, domin mutum yakan manta wanda ya ci shinkafar aurensa, amma ba ya manta wanda ya zauna kusa da shi a kan tabarma ranar sadakar uku. Mun kuma kafa asusu, kowa yana zuba jaka guda a wata, ana ajiyewa a hannun mai amana saboda suna da rashin lafiya da rasuwa, kuma tun farko muka yi sharaɗin ba a ranta wa kowa daga ciki, saboda mun ga yadda bashi ke raba mutanen da suka tashi tare.

Sababbin abokai kuwa a fada na same su, a unguwar Bukoki, inda ake shimfiɗa tabarma ƙofar gida bayan isha'i a ɗora buta kan gawayi. Da farko sallama kawai nake yi in wuce, har wani dattijo ya ce, "Malam, kullum sauri? Zauna ka sha na farko." Baƙo ba ya shiga fada da surutu, yakan zo a kai a kai, ya kawo sukari ko ganyen shayi ba tare da an tambaye shi ba, ya saurara har ya gane wa ke wasa da wa. A fadarmu akwai Bagobiri da Bazabarme da ke yi wa juna tsiyar da sai da na saba kafin na daina ɗauka faɗa ne. Na koyi gaisuwar Zabarmanci, "fofo" da "mate ni go", kuma ko da harshena ya karkace, dariyar da ake yi mini ta fi shiru kusantar da mu. Lokacin kokowar neman takobi kuwa ni ne wakilin Tawa, ina tuna musu cewa a garinmu aka fara gasar a 1975, su kuma suna jefo mini sunan ɗan kokowa Isaka Isaka na Doso.

Ranar sunan ɗiyata, tun da asuba 'yan fadar suka kafa rumfa suka jera kujeru, wasu abokan ƙuruciya kuma suka iso daga Tawa, aka gauraya ana fiɗar rago. Waɗanda har yanzu suke sha mini kai su ne na Libiya, masu yawan canja lamba. Su kam sai in na je gida in bi ta wurin iyayensu in gaishe su, sannan in karɓi sabuwar lambar.