Tsohuwar Benz ta yi karo: a gyara ko a nemi wata?

Kafin fanbita na Suwame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, ya taɓa tsohuwar Benz ɗinka samfurin W123, a ɗaga ta a auna ƙashin gaba, wato ƙarfen da ke riƙe da gaban motar, daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu. In awon biyu ya bambanta da fiye da milimita 5, ta karkace. Sai an ja ta a injin miƙe bodi, in ba haka ba za ta riƙa cin taya gefe ɗaya.

Bamba, lagireto da fitila ba abin damuwa ba ne, ana samun na hannu har a kasuwar kayan gyaran mota ta Abosi Okai da ke Akara. Tsatsa ce matsalar. Cire batir ka duba ƙarƙashinsa, da wuraren sa jak. Ƙarfen da ya rube ba ya riƙe walda. In karo ya haɗu da ruɓa a nan, nemi wani bodin, ka mayar da injinka ciki.