Zubewar gashi a lokacin kemo: abin da hijabi ba ya rufewa

Duk wanda na gaya wa cewa maganin sankarar mama zai zubar min da gashi, amsarsa kusan ɗaya ce: "To ai ke da sauƙi, tunda dama kina rufe kanki." Na san da zuciya ɗaya suke faɗa. Amma hijabi na fita ne. A cikin gida akwai miji, akwai yara, akwai madubi, akwai mai kitson da ta san kaina fiye da yadda na san shi, ga kuma matan gidan biki waɗanda da zarar an shiga ɗaki an sauke mayafi, idonsu kan goshi da ƙeya yake fara sauka. Wannan ɓangaren ne ba a cika yin maganarsa ba, shi ya sa nake rubutawa saboda wadda aka ce za a fara mata kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, tana zaune tana saƙa da warwara.

Bayan an yi min tiyata aka ɗora ni a kan kemo, ta hanyar ƙarin ruwa, duk bayan mako 3. Kashin farko magani biyu ne, doksorubisin da saikulofosfamaid. Doksorubisin ja ne jawur, nas ce ke tura shi a hankali cikin jijiya da ƙaton sirinji, kuma fitsari yakan yi ja na kwana ɗaya ko biyu bayan nan, ba jini ba ne, launin maganin ne. Kashi na biyu fakilitaksel ne. Ba kowane irin kemo ke zubar da gashi ba, amma waɗannan kam kusan ba sa barin kowa.

Likita ya yi min bayanin dalili, kuma bayanin ya taimake ni fiye da duk wani rarrashi. Maganin yana farautar ƙwayoyin halittar da ke saurin hayayyafa ne, domin halin sankara ke nan. Sai dai ba ya tantancewa, don haka yana taɓa lafiyayyun da su ma suke sauri: fatar cikin baki, ɓargon da ke samar da jini, da saiwar gashi. A kowane lokaci kusan kashi 90 cikin 100 na gashin kai yana kan tsiro, shi ya sa kai ke fara ji a jikinsa. Saiwar ba mutuwa take yi ba, aikinta ake tsayarwa, sai silin gashin ya sirance ya tsinke. Idan an daina maganin ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Wata baiwar Allah da ta riga ni farawa, wadda muka haɗu a layin gwajin jini, ita ta ba ni shawarar da ta fi kowace amfani. Ta ce, "Ƙanwata, kafin su saka miki jan nan ki tsefe kitsonki, kar ki sake yin wani." Gashi irin namu idan ya tsinke ba ya faɗowa ƙasa, maƙalewa yake yi cikin 'yan'uwansa. Idan kuma a kitse yake, sai ya cukurkuɗe ya dunƙule, ranar tsifa a ga jelar kitso ta taho ɗungurungum a hannu. Ita haka ta same ta da shukunta, kuma ta ce firgicin wannan rana ya fi mata ciwon allura. Na tsefe nawa, aka rage min tsawonsa da almakashi.

Tsakanin mako na biyu da na uku bayan ruwan farko, fatar kaina ta fara ciwo, irin zafin sabon kitson da aka ja da yawa, alhali ba kitso a kan. Ko filo ban iya ɗora kai a kansa sosai. Daga nan gashi ya fara bin komai: filo, wuyan riga, cikin ɗankwali, magudanar banɗaki. Ranar da na ga sili a cikin miyar da zan zuba wa yara, na kira Yayata na ce ta zo da kilifa.

Sabuwar kilifa ta sayo, ba ta shagon aski ba, kuma ba mu yi amfani da reza ba. Daga kwana 7 zuwa 14 bayan kowane ruwa, fararen ƙwayoyin jinin da ke kare jiki suna yin ƙasa ƙwarai, yanka kaɗan na iya zama babban ciwo. Ta shimfiɗa tsohon zani a tsakar ɗaki, na zauna a kan kujerar tsuguno, ta tsaya a bayana. Ta yi bismilla ta fara daga ƙeya. Hannunta na rawa, ina jin sanyin ƙarfen yana hawa, ita tana ta ba ni labarin wani rikicin gado na unguwarsu don kada mu yi shiru. Da ta gama ta shafa min man kaɗe, ta ce, "Ashe kunnuwan Baba gare ki, duk shekarun nan ban lura ba." A nan kukan ya ƙwace mana mu biyu. Ta tattara gashin a ƙyalle ta binne a bayan ɗaki, kamar yadda mahaifiyarmu ta saba yi da gashi da farce. Ciwon fatar kuwa ya lafa bayan askin, domin nauyin gashin da ke jan saiwa ya tafi.

Baban yara na riga na gaya masa tun kafin a fara, kuma na roƙe shi ya bi ni asibiti ya ji daga bakin likita. Wannan tafiya ta yi min rana daga baya. Da labari ya kai gidansu cewa gashina ya zube tas, magana ta fara yawo cewa wannan ba ciwon asibiti ba ne, da hannu a ciki. Aka fara aiko da hayaƙi, da sassaƙe, da gorunan jiƙo. Shi ya je ya zauna da Hajiya ya ce mata, "Hajiya, tun kafin a sa mata maganin likita ya faɗa mana makon da gashin zai zube, kuma a makon ya zube." Hajiya ta yi shiru, sannan ta ce Allah ya ba ta lafiya. Addu'a na karɓa da hannu biyu daga kowa, har yau ina karɓa. Abin sha kuwa ban kai bakina ba, domin hanta da ƙoda suna fama da kemo, kuma wasu itatuwan suna iya rikita aikin maganin.

Yara daban. Manyan sun fahimta da na yi musu bayani. Autata ce ta ga kaina ta ruga ta ɓuya a bayan ƙofa, ta ƙi zuwa wurina har dare. Ban matsa mata ba. Washegari ina shafa mai ta matso ta ce, "Umma, da zafi?" Na ce babu, taɓa ki ji. Daga ranar ita ta karɓe aikin shafa man. Ra'ayina shi ne yaro ya gani da wuri, a gaya masa magani ne ya yi haka kuma zai dawo, ya fi ya tsinci abin ba zato ranar da ɗankwali ya zame.

Kuma yana zamewa. Ban taɓa sanin gashi ne ke riƙe ɗauri ba sai da na rasa shi. Ɗankwalin santsi ba ya zama, sabuwar atamfa mai sitaci tana kartar fata, leshi kuwa ba a magana. Abin da ya yi min aiki shi ne 'yar hular auduga mai laushi a ciki, sannan ɗankwalin da ya sha wanki a sama. Idan zan fita unguwa nakan naɗe ƙaramin ƙyalle a ƙeya don ɗaurin ya tashi. Da dare kai yana jin sanyi ko a ƙarƙashin fanka, balle da hunturu ya shigo, sai da hula nake barci. Rana kuma tana ƙona fatar da ba ta taɓa ganinta ba, ko shanya zan yi a tsakar gida sai na rufe. Sabulun jarirai da man kaɗe ko man kwakwa sun ishe ni. Wurin alwala nakan ɗan dumama ruwa saboda shafar kai.

Na tambayi wani malami game da hular gashi, saboda abin da muka sani na hanin ƙarin gashi. Ya ce malamai da dama sun bambanta mai yi don ƙarin ado da mai rufe larurar da ta same ta, kuma sun yi sauƙi ga ta biyun. Na saya, na sa a cikin gida na ɗan lokaci, amma zafin Kano da ƙaiƙayi suka sa na ajiye ta. Wata za ta ji daɗinta, kuma ban ga dalilin da zai sa a tsangwame ta ba. Akwai kuma hular sanyi da ake sa wa mutum lokacin ƙarin ruwan a wasu ƙasashe, tana tsuke jijiyoyin jinin fatar kai don maganin da ke isa saiwa ya ragu. Ta fi aiki da irin su fakilitaksel a kan jan maganin, kuma inda aka yi min nawa babu ita.

Abin da ya fi girgiza ni bai zo ba sai a kashi na biyu, lokacin da nake ganin na saba. Gira ta fara yin sharara har ta ɓace, gashin ido ya bi ta. Wannan babu mayafin da ke rufe shi. Da kai kaɗai ne, ina fita babu wanda ya san komai. Da gira ta tafi, fuska ta canja gaba ɗaya, mai kayan miyan da na saba da shi ya dube ni ya ce, "Hajiya, lafiya kuwa?" Mata a wurin ta'aziyya suna gaishe ni suna kau da ido. Na koyi zana gira da jagira mai ruwan ƙasa, da gajerun zane ɗaya bayan ɗaya maimakon dogon layi, domin baƙin layi ɗaya ya fi tona asiri. Kwalli na bar shi, idon yana yawan hawaye kuma ba shi da kariya, ga shi wani kwallin akwai dalma a cikinsa. Gashin hanci ma ya tafi, sai yoyon hanci ba mura, ƙurar hunturu tana shiga kai tsaye. Tabarau da takunkumi suka zama kayan fitata. Farce da tafin hannu sun yi duhu, wanda ya zama ruwan dare ga masu fata irin tamu, kuma ya washe daga baya.

Akwai wata matashiya da muke zama kusa da juna a ɗakin ƙarin ruwa. Ba ta daɗe da aure ba, kuma duk tambayarta a kan gashi ce. Ta ce min ba za ta iya bari mijinta ya ga kanta a haka ba. Bayan ruwa na biyu ba mu sake ganinta ba. Har yanzu tana raina. Sankarar mama ita ce ta fi kowace sankara kama mata a Najeriya, kuma yawancinmu ba ma zuwa asibiti sai ta yi nisa. Wadda Allah ya sa ta zo, a ce gashi ne ya mayar da ita gida, wannan abu yana min ciwo, kuma ba ita kaɗai nake gani da alhaki ba. Da mijinta ya zauna gaban likita sau ɗaya, da wata a danginta ta ce mata komai ya zube muna tare da ke, wataƙila da ta ƙarasa.

Wajen wata guda da 'yan kwanaki bayan ruwan ƙarshe na fara jin wani laushi a kaina idan na shafa. Abin da ya fara fitowa siriri ne, launinsa fari-fari, kuma ba a tare ya fito ba: ƙeya da gefe suka riga, tsakiya da gaba suka makara. Gashi yana ƙaruwa da kusan santimita 1 a wata, namu kuma da yake yana nannaɗewa, sai a ga kamar ba ya motsi. Wannan jiran ya fi min zubewar wahala, domin mutane sun ɗauka an gama, ana ta barka, ni kuwa madubi bai nuna an gama ba. Da ya yi ƙarfi sai ya fito da laushin da ban san shi da shi ba, da furfura fiye da da. Sai da ya shekara sannan ya koma kusa da yadda yake. Gira da gashin ido sun fi sauri, ko da yake gashin idon ya sake zubewa sau ɗaya kafin ya zauna, abin da aka ce min yana faruwa.

A wannan lokaci kowa ya zama malamin gashi. Wannan ta kawo karkashi, waccan ta kawo garin cebe na Chadi, wata ta turo hoton ƙwayoyin da ake talla a Facebook. Mai da karkashi suna sa laushi su rage karyewa, amma ba sa ƙara wa saiwa sauri. Ƙwayoyin bayotin da ake sayarwa don gashi suna iya ɓata sakamakon wasu gwaje-gwajen jini, don haka ban sha komai ba sai da na nuna a asibiti. Rilaksa da rini an ce na jira aƙalla wata 6, ni kuwa ban ma koma musu ba. Haskawar na'ura da aka yi min a ƙirji bayan kemo ba ta taɓa kaina ba, inda hasken ya sauka kaɗai take shafa, shi ya sa hammatar wannan ɓangaren ce ta zauna da ɗan gashi kaɗan.

Da ya kai a kama, mai kitsona ta zo har gida. Na ce mata manya za ta yi, sakwa-sakwa, ba gashin doki, kuma ta bar na gaban goshi kar ta kama. Ta ce, "Anti, ai ba zai kwana biyu ba zai warware." Na ce na ji, a haka nake so. Sabon gashi ba ya jure ja, kuma goshi ne ke fara gudu.

Gaban kaina har yanzu bai cika kamar da ba. Ina shan tamoksifen, maganin rage yiwuwar dawowar sankarar, wanda ake sha shekara 5 zuwa 10, kuma yana iya sa gashi ya yi sharara, ko da yake ba ya zubar da shi irin na kemo. Akwai kuma 'yan ƙalilan, musamman waɗanda aka sa wa wani maganin kemo mai suna dositaksel, da nasu ba ya dawowa duka. Idan wata 6 suka wuce bayan kemo gashi bai fito yadda ya kamata ba, a faɗa wa likita, domin ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini ko matsalar maƙoƙo na iya zama sanadi, kuma akwai maganin shafawa irin su minoksidil da yake iya rubutawa. Ni an duba min jinin aka ga ya yi ƙasa, an ba ni maganin ƙarin jini, an ce na koma bayan wata 3 a sake dubawa.