Allah ya jiƙan Baba

Yau na bi ta Kantin Kwari, wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce, "Kai ba ɗan Alhaji mai atamfa ba ne?" Kafin in amsa ya fara yi masa addu'a.

Baba da ƙoli ya fara, tun ana cinikin fam da sule kafin zuwan naira a 1973. Yakan ɗaura kaya a bayan keke, Juma'a yana kasuwar Wudil, Lahadi yana Dambatta. Daga baya Allah ya buɗa masa ya kama shago a Kwari, yana sayar da atamfa da shadda da leshi. Da ya shafa yadi ya san ko zai zuba a wanki, kuma sai ya gaya wa mai saye gaskiya, ko da cinikin zai ɓaci. Mata nawa ya ba kayan lefe bashi har sai bayan kaka, ba takarda ba shaida. Yaran da ya yaye a shagon nan, yau wasunsu su ke sauke dila.

Da wannan sana'a ya ciyar da mu, ya sa mu boko da islamiyya. Ina kewarsa ƙwarai. Allah ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Duk wanda ya san Baba, don Allah ya sa shi a addu'a.