Ƙarfi 92, inganci 41

Ranar Asabar da ta wuce na miƙa wa maigida makullin shago da tsani, bayan shekara 11 ina hawa rufin mutane ina ɗaura eriyar talabijin a Garwa ta Kamaru da ƙauyukan kewaye. Ba faɗa muka yi ba. Mun yi musabaha, ya ce Allah ya sa albarka, na ce amin. Sai dai akwai maganar da ke cina tun Janairun 2022, kuma gara yaran da suka shigo sana'ar bayana su ji ta daga bakina, kada su tsince ta a teburin mai shayi an yi mata gyara.

Ni a zamanin hoto mai ruwa, wato tsohon tsarin analog, na koyi aiki. Ka hau kwano, ka rungumi gorar eriya kana murzawa, wani yaro yana cikin ɗaki yana kwarara ihu: “Kaɗan! Koma baya! Ya yi, ya yi, tsaya nan!” Hoton kansa shi ne ma'auninka. In sigina ta yi rauni za ka ga yayyafi a fuskar mai karanta labarai, in ta ƙara rauni kala ta gudu, amma dai kana gani, kana kuma sanin inda ka dosa. Ido da kunne sun wadatar, kuma da su na yi suna a unguwa.

Tun a 2006 aka zauna a Janiba aka sa wa ƙasashen Afirka da Turai ranar 17 ga Yunin 2015 a matsayin wa'adin kashe tsohon tsarin a bandin UHF. Wa'adin ya zo ya wuce, ƙasashe da yawa ba su kimtsa ba, mu kuwa muna ta jin TNT, TNT, wato sabon tsarin dijital da ake kamawa da eriya, a rediyo kamar labarin ruwan da bai sauko ba. Da dikodojin sabon tsarin, DVB-T2, suka iso shagonmu, sai muka ce ai babu wani sabon abu: eriya ce dai, gora ce dai, turken da ke watsa wa yankin yana nan inda yake. Rabin maganar gaskiya ne. Layi ɗaya mai faɗin megahaz 8, wanda da tasha guda yake ɗauka, yanzu yana ɗauko tashoshi fiye da goma a dunƙule, kuma eriyar da ta kama wancan za ta kama wannan. Rabin da ba mu fahimta ba shi ne, sabon hoton ba ya gargaɗi. Mai tafiya da dare, ko taku ɗaya ya rage masa ya faɗa rijiya ko yana tsakiyar fili, ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa iri ɗaya ce. Haka hoton dijital: tas yake fitowa har zuwa bakin ramin, sannan ya farfashe, ya daskare, allo ya yi baƙi.

Ana saura mako guda a fara gasar cin kofin Afirka, wani Alhaji mai gidan kallo ya kira mu. Talabijin huɗu yake so a haɗa masa a kan eriya ɗaya, domin ya san Najeriya a Garwa za ta buga wasanninta, kuma ba kowa ne zai samu shiga filin Rumde Ajiya ba. Maigida ya haɗa mini kaya: naɗin kebul, mai raba layi gida huɗu, da busta mai ƙara ƙarfin sigina, wadda mu a nan muka fi kira ampli. Kebul ɗin tun a hannu na san irinsa ne. Ka fere shi ka ga ragar da ke kare shi 'yar siririya, kamar gashin tsohuwa. Bustar kuwa maigida kowa yake liƙa wa, na kusa da na nesa, saboda ribarta ta fi ta dikoda.

Gidan kallon nan bai kai kilomita 3 daga turke ba. Daga kan rufin, jar fitilar da ke ƙololuwarsa kana ganinta da ido. Wurin da sigina ta yi yawa haka, ƙara mata busta kamar yi wa mutum ihu ne a cikin kunne: sauti ya ƙaru, magana ta ɓace. Na san wannan a lokacin? Na sani sama-sama, irin sanin da ba ya hana mutum aikata abu.

Na gama haɗawa, na buɗe shafin sigina a dikoda. Layi biyu ne, duk wanda ya taɓa aikin ya san su. Na sama, ƙarfi, ya cika ya batse: 92. Na ƙasa, inganci, yana rawa tsakanin 38 da 41. Hoto kuwa tas a duka talabijin huɗun. Na kira maigida.

“Maigida, ingancin nan bai kwanta mini ba.”

“Hoto ya fito?”

“Ya fito.”

“To me kake jira? Sauko, akwai aiki a Jambutu.”

Na sauko. Akwai kuma abin da ban gaya masa ba, wanda shi ne rabona na laifin: naɗin kebul ɗin bai kai ba, sai na yi masa ƙari da guntu, na murɗe wayoyin da hannu na naɗe da salatif, na bi da shi ta jikin bangon ɗakin janareto don nan ne hanya mafi kusa. Kuma da wutar gari na gwada. Ko sau ɗaya ban ce a tada janareto in gani ba.

Wasannin rukuni suka wuce lafiya. Ranar 11 ga Janairu Najeriya ta ci Masar 1 da nema, Alhaji har ya aiko mini da goro. Aka ci Sudan, aka ci Gini Bisau, ni kuma ina yawo a gari ina cewa ni na haɗa gidan.

Daren Lahadi, 23 ga wata, Najeriya da Tunisiya. Ina zaune a benci na baya, ban biya ko dala ba, baƙon Alhaji ne ni. Ana hutun rabin lokaci wuta ta ɗauke a layinmu. Aka tada janareto, talabijin suka dawo, 'yan wasa suka fito. Sai hoto ya fara yin gunduwa-gunduwa, murya tana yankewa, sannan allo huɗun suka daskare lokaci guda. A rediyon wani dattijo muka ji Msakni na Tunisiya ya jefa ƙwallo a minti na 47. Mutum fiye da ɗari sun biya kuɗi, ƙwallo ɗaya tilo aka ci a wasan, kuma babu wanda ya gan ta. Jan katin Iwobi ma a rediyo muka ji shi, a lokacin ina kan rufi da tocila a baki ina murza eriyar da ba ta da laifin komai. Najeriya ta fita daga gasar, jama'a suka huce haushin Tunisiya a kan bencinan Alhaji.

Ba wannan daren ne ya fi yi mini ciwo ba. Washegari ne.

Muka je tare da maigida. Ya durƙusa ya gai da Alhaji, ya ɗauki kebul ɗin ya jujjuya kamar yau ya fara ganinsa, ya ce: “Alhaji, a yi haƙuri, yaron ne. Na ce masa ya sa mai kyau, sai ya je ya sa wannan.” Ina tsaye. Ina da mata da 'ya'ya biyu a lokacin, amma ni ne yaron. Alhaji ya dube ni ya ce: “Ɗana, ban zaci haka daga gare ka ba.” Ban buɗe baki ba, domin ba a ƙaryata maigida a gaban baƙo, haka aka tarbiyyantar da mu. Kuɗin bencinan da aka karya da kuɗin da aka mayar wa mutane, daga albashina aka riƙa yanka har wata huɗu.

Gyaran bai ɗauki awa biyu ba, kuma da kuɗina na yi shi. Na cire bustar gaba ɗaya. Ƙarfi ya sauko 68, inganci ya haye 90 ya tsaya cak. Na sayo kebul RG6 na gaske mai raga mai kauri, na ja shi guda ɗaya babu ƙari, na kauce wa ɗakin janareto. Sannan na ce a tada injin, na zauna ina kallon layin nan na ƙasa har rabin awa. Bai motsa ba. Tartsatsin fulogin janareto ne yake shiga ta ƙarin da na naɗe da salatif da kuma ragar nan mai raɓe-raɓe. Siginar kuwa busta ta riga ta jagwalgwala ta, ba ta da sauran rarar da za ta jure ko ƙaramar hayaniya. Mai raba layi gida huɗu yana cin kusan desibel 7 na ƙarfin sigina, gaskiya ne, kuma da shi maigida yake kafa hujjar sayar da busta. Amma a gindin turke kana da abin da ya fi haka yawa ka bayar.

Tun daga ranar ban ƙara duban layin sama da farko ba. Ƙarfi yana gaya maka cewa wani abu yana shigowa ta kebul, ko sigina ce ko shara. Inganci ne yake gaya maka ko dikoda tana fahimtar abin da ya shigo. Duk inda na gama aiki, lambobin biyu nake rubutawa a bayan rasit, da kwanan wata, mai gida ya gani da idonsa. Wasu na cewa tsirfa ce. Wanda ba a taɓa yanke wa albashi a kan ƙaryar wani ba, shi ne zai kira ta tsirfa.

Busta tana da wurinta, ba na musu. Can wajen Pitowa, inda duwatsun Tingilin ke tare hanya, ko gidan da ke cikin kwari a bakin Binuwai, za ka iya bukatarta, kuma a saman gora take zama, dab da eriya, ba a bayan talabijin ba inda kebul ya riga ya cinye siginar. Ko a can ma, ƙara wa gora tsawon mita biyu sau da yawa ya fi ta amfani.

Sauran abubuwan ba su da tsawo. Haƙarƙarin eriya su kwanta ko su tsaya daidai da yadda turke yake watsawa. Ka lanƙwasa kebul ƙasa kafin ya shiga bango, don ruwan damina ya ɗiga waje. In hoto ya ɗauke, ka tambayi maƙwabta kafin ka hau rufi, wataƙila daga tasha ne. Kada ka taka kwano da tsakar rana a watan Afrilu, kada ka ɗaga gora ba ka dubi wayar lantarki ba. Kuma in mai gida yana da janareto, a tada shi kana nan.

Na tara kuɗi na sayi mitar auna sigina tawa ta kaina, ba ta shago ba, ita ce kaɗai abin da na fita da shi ranar Asabar. Alhaji har yau ni yake kira kai tsaye in wani abu ya taso, ba ya bi ta shago, ban kuma taɓa gaya masa wanda ya zaɓi kebul ɗin ba. Ina jin ya gane da kansa. Maigida kuwa, makon da zan tafi na ga an sauke masa sabon katan na busta, guda 50, yana nuna wa sabon yaron yadda ake liƙa ta.