Girman Haihuwa Ba Sarauta Ba Ne

Ni ne ɗan fari a gidanmu, mu tara ne daga ɗaki biyu, kuma har yau ban taɓa jin mahaifiyata ta ambaci sunana ba. Da aka yaye ni aka kai ni wurin kakata, can na girma, idan kuma na zo gida sai in tarar da autanmu a kan cinyar Inna tana yi masa wasa, ni kuwa daga "an zo lafiya" ba ta ƙara komai. Duk Bahaushe ya san alkunyar da iyaye suke yi wa ɗan fari, amma yaro ɗan shekara goma ba al'ada yake gani ba, cinyar yake gani. Na ɗauki kunyarta a matsayin rashin ƙauna, na riƙe abin a raina, kuma wanda na ɗora wa laifin shi ne yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Wannan ne kuskurena na farko, kuma daga gare shi sauran suka tsiro.

Mu Hausawa mun daɗe muna lura da jerin haihuwa, har sunaye muka ware masa: Gambo ga mai bin tagwaye, Tanko ga namijin da ya biyo bayan mata, Auta ga na ƙarshe. Turawa ma sun yi ta magana a kai tun zamanin Alfred Adler, likitan ƙasar Ostiriya, sai dai wani bincike da masana uku na Jamus suka fitar a 2015, kan mutane fiye da 20,000 daga Amurka da Birtaniya da Jamus, bai sami wani tasiri na a zo a gani da jerin haihuwa yake yi ga ɗabi'ar mutum ba. Ban yi mamaki ba. A ganina, abin da ke sassaƙa mu shi ne matsayin da gida ya ba kowa, da yadda kowa ya riƙe nasa.

Da Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa ya bar shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari da gida ɗaya. Ranar sadakar bakwai dangi suka yi ta ce mini "yanzu kai ne uba", ni kuma na ji maganar da kunnen mai neman mulki. Na ce ba za a raba gado ba don kada dukiya ta watse, na ci gaba da juya shagon shekara bakwai, ina ciyar da gida, ina biyan kuɗin makaranta, ina aurar da ƙannena mata, kuma ban rubuta ko sisi ba. Jarina da na marayu suka cakuɗe har ni kaina na kasa bambance su. Allah ya sani ban yi niyyar cin haƙƙin kowa ba, amma kyakkyawar niyya ba ta zama lissafi.

Ku duba Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12. An faɗi rabon namiji da na mace, an faɗi na iyaye, an faɗi tumunin da matan mamaci suke rabawa idan akwai 'ya'ya, amma babu inda aka ƙara wa babba ko ƙwayar gero saboda ya riga zuwa duniya. Babban ɗa da jariri namiji da aka bari a goye rabonsu ɗaya. Na san wannan tun ina Islamiyya, sai dai na ga kamar wahalar da nake sha ta ba ni izinin jinkirtawa. Ranar da ƙanwata ta ɗakin abokiyar zaman Inna ta durƙusa ta ce, "Yaya, ina so a ba ni nawa in ja jari", sai na ce mata ta raina ni, na tuna mata kayan ɗakin da na yi mata. Kayan ɗakin nan kuwa, da aka zauna lissafi daga baya a gaban wani malamin unguwarmu, ashe daga cikin nata aka saye su. 'Yan ubancin da mahaifinmu ya yi shekaru yana dannewa, ni na tayar da shi da bakina a yammaci ɗaya.

Shawarata ga duk wanda ya tsinci kansa a wannan kujera ita ce ya kira mai ilimin gado da wuri, a raba, kowa ya san nasa. Idan daga nan 'yan'uwa suka yarda a haɗa jari a ci gaba, sai a rubuta da shaidu, a ware wa mai juyawa ladan aikinsa a fili. Rabon ƙanana kuma amana ce da ake miƙa musu idan sun yi hankali, kamar yadda aya ta 6 ta surar ta umarta, har ta ce a kafa shaidu lokacin miƙawar.

Ku kuma ƙanne, ba na wanke ku duka. An ce babba juji ne, kuma da yawanku kuna zuba shara ba ku tambayar ko jujin ya cika. Wanda ya kai munzali ya ɗauki wani ɓangare na nauyin gida, ko da kuɗin wuta ne, domin wan da yake biyan komai shi kaɗai ba ya daɗewa bai fara jin cewa komai nasa ne ba.

Wanda na fi zalunta shi ne autan nan. Ya so ya karanci aikin jinya, na ce shago ya fi, na zaunar da shi yana auna yadi shekara huɗu ba tare da na taɓa tambayarsa ra'ayinsa ba, ina kiran abin tarbiyya alhali tsohon haushin cinyar Inna ne. Bayan rabo ya sayar da kasonsa ya koma makaranta. Da na je neman gafararsa ya ce, "Babu komai, Yaya", ya kuma raka ni har bakin titi. Yana gaishe ni kowace Juma'a, yana zuwa da yaransa ranar Sallah, amma lokacin da zai sayi fili bara, wani ƙanenmu ya nema shawara, ni a bakin Inna na ji labari.