Godiya bayan jinyar Baba

Alhamdu lillahi. Jiya muka dawo daga Yamai, kuma daren jiya ne karo na farko cikin wata 11 da na yi barci ban farka ina kasa kunne ga numfashin Baba ba.

Labari ya riga ya iso muku. Ƙullutun da ke hantarsa ya motse, awon jinin ma ya sauka. Lokotoro ya jera hotunan hantar biyu, na da da na yanzu, ya daɗe yana kallo, ya ce a sake. Aka sake, haka ɗin dai. Ya ce kansar hanta takan ja baya da kanta, amma da wuya ƙwarai: ko jijiyar da ke kai wa ƙullutun jini ta toshe ya mutu da yunwa, ko garkuwar jiki ta taso masa bayan zazzaɓi mai zafi, irin wanda Baba ya yi da damina. Bai ce ya warke ba fa. Ciwon hanta na B da ya jawo abin yana nan, za a riƙa eko, wato hoton ciki, da awon jini duk wata 3, mu 'yan gida ma an ce kowa ya je a auna shi. Masu kirana kuna tambayar wace saiwa ya sha, wallahi babu. Kunu ne da addu'a.

Ranar da aka ce mu koma gida da shi, aiki ba zai yiwu ba, ita ce ta ƙi fita raina. Mun wuce Dogon Dutsi amai ya ƙwace masa cikin kar, wato motar fasinja, mutane na ta kau da kai. Wata dattijuwa ta tuɓe mayafinta ta goge masa gemu, ta raɗa mini, "Ɗana, kar ka yi kuka a gabansa." A Ƙonni ta sauka, ko sunanta ban tambaya ba. Allah Ya sa ta gama da duniya lafiya, Ya ba ta masu yi mata jinya.

Maƙwabcinmu mai kabu-kabu ya hana in ambace shi, to na ambata: ko dala bai taɓa karɓa ba. 'Yan fadarmu ta unguwar Zariya da kuka haɗa kuɗin mota, da liman da jama'ar masallaci, Allah Ya saka, Ya raba ku da kwanan likita, Ya jiƙan iyayenku. Inna, ke kam sai dai Aljanna.

Dangin da suka aiko tambayar gona tun yana kwance, Baba na gaishe ku. Ya ce bana da kansa zai je shuka.