Kujerar Sanatan Kano ta Tsakiya da ƙuri'un da na jefa ban duba ba

Ƙannena masu shirin karɓar katin zaɓe, ku duba jerin waɗanda suka zauna a kujerar Sanatan Kano ta Tsakiya tun dawowar mulkin farar hula. A 1999 Ibrahim Kura Muhammad ne a PDP. A 2003 Rufa'i Sani Hanga a ANPP. A 2007 Muhammad Adamu Bello shi ma a ANPP, a 2011 Bashir Garba Lado a PDP, a 2015 Rabi'u Musa Kwankwaso a APC, a 2019 Malam Ibrahim Shekarau shi ma a APC. A 2023 Hanga ya dawo a NNPP, shekara 16 bayan ya bar kujerar. Zaɓe bakwai, babu wanda ya yi zango biyu a jere.

Na daɗe ina tinƙaho da wannan, ina cewa mu ba a yi mana kaka-gida. Sai daga baya na tambayi kaina: a cikin sauye-sauyen nan, wanne ne ni na yi don na auna aikin mutum na ga ya gaza? Babu. Guguwa ce take tasowa in bi ta, wani lokacin kuma a cikin jam'iyya aka gama komai kafin a zo gaban akwati.

Ƙuri'ata ta farko a 2003 ce, shekarar da Buhari ya fara takara a ANPP, kuma Shekarau ya kayar da Kwankwaso a kujerar gwamna. Kalma ɗaya ce a bakinmu: sak, wato jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa. Zaɓen 'yan majalisa aka fara yi, mako guda kafin na shugaban ƙasa da gwamnoni, na dangwala wa masara, alamar ANPP, na fito ina murna. Wallahi da wani ya tsare ni a bakin rumfa ya ce me ɗan takarar Sanatan da na zaɓa ya yi alkawarin yi a Abuja, da ba ni da amsa. Ba ina cewa bai cancanta ba. Ina cewa ni ban bincika ba, kuma wanda bai san abin da aka yi masa alkawari ba, ba shi da bakin tuhuma bayan shekara huɗu.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne zumuncin da na ɓata. Akwai ɗan ƙanwar mahaifiyata, tare muka tashi, shi yana bayan Kwankwaso ni ina bayan Malam. Gardamar da muka fara a wajen mai shayi ta kai mu ga daina gaisawa, har na ƙi zuwa sunan 'yarsa. To ku dubi yadda manyan suka yi tafiyarsu. Kwankwaso ya bar PDP a ƙarshen 2013 ya shiga APC, Shekarau kuma ya bar APC ya koma PDP a 2014. A 2018 suka sake musaya, Kwankwaso ya koma PDP, Shekarau ya dawo APC, ya gaje shi a kujerar Sanata. A watan Mayun 2022 sai ga su a inuwa ɗaya, NNPP, kafin Malam ya sake komawa PDP a watan Agusta. Kowannensu yana da dalilinsa, kuma sauya sheƙa haƙƙin ɗan siyasa ne. Ni da na yanke zumunci a kan alamar da mai ita zai iya ajiyewa gobe, ni ne ba ni da hujja. Mun shirya da ɗan'uwana, amma yarinyar ta girma ba ta saba da ni ba.

Zaɓen 2023 shi ya kamata kowane matashi a mazaɓar nan ya yi nazarinsa. Shekarau ya riga ya bar NNPP, jam'iyyar ta ce Hanga ne ɗan takararta, amma sunan Shekarau yana nan a takardun INEC. Takardar ƙuri'a kuwa ba ta ɗauke da sunan kowa, alamar jam'iyya ce kawai. Jama'a suka dangwala wa kwandon kayan marmari, aka bayyana Shekarau a matsayin wanda ya ci, sai a watan Maris Kotun Ƙoli ta tabbatar da Hanga. Wato an yi zaɓen Sanata na ƙananan hukumomi 15, daga Dala da Fagge da Gwale har Kura da Minjibir da Warawa, alhali maganar wane ne ɗan takara tana gaban alƙalai. A layin da na tsaya, kaɗan ne suka san da shari'ar.

Na kuma ɓata shekaru ina auna Sanata da abin da ba shi ne asalin aikinsa ba. In ya raba babura ko buhun shinkafa in ce ya yi, in bai raba ba in ce ya gaza. Ban taɓa tambayar wane ƙudiri ya gabatar ba, me ya ce ranar tantance ministoci, wane kwamiti yake, ina ya tsaya da ake muhawarar kasafin kuɗi. Kujeru 109 ne a Majalisar Dattawa, uku kacal ne na Kano, kuma a can daɗewa tana da daraja wajen rabon muƙamai. Kabiru Gaya ya wakilci Kano ta Kudu daga 2007 zuwa 2023. Barau Jibrin yana wakiltar Kano ta Arewa tun 2015, a zangonsa na uku ya zama Mataimakin Shugaban Majalisar. Ba wai in ce a bar mutum a kujera don ya daɗe kawai ba, mutanen Kudu ma da suka ga dama sun canza a 2023, suka kawo Kawu Sumaila. Amma canjin ya zama hukunci ne da kuka yanke bayan kun duba, ba iska ce ta kwashe ku ba.

Saboda haka, ƙannena, ku fara sa ido tun daga zaɓen fid da gwani, don a nan ake yanke rabin hukuncin. In INEC ta fitar da jerin 'yan takara na ƙarshe, ku nemo shi a wayarku ko a ofishinta na ƙaramar hukuma, ku karanta sunan mai neman Sanata da mai neman Majalisar Wakilai daban da na shugaban ƙasa. Takardu daban-daban ake ba ku, babu dokar da ta ce sai kun dangwala wa alama ɗaya a dukkansu. Ku rubuta abin da kowa ya ce zai yi, da ranar da ya faɗa, ku ajiye har ranar da zai dawo neman wata ƙuri'ar.